Maganin Kitsen Jini da Ciwon Asma: Gwanintar Masu Awon Magani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Oshodi bayan la'asar, lokacin da ma'aikata suka taso, ya san iskar wurin ba shaƙarta kaɗai ake yi ba, har ɗanɗanarta ana ji a maƙogwaro. Motocin danfo suna ta tofar da hayaƙi, manyan tireloli sun jeru a titin da ya nufi tashar jiragen ruwa ta Apapa, kowane shago da janaretonsa a bakin ƙofa, ga bola tana ci da wuta a wani lungu. An buɗe katafariyar tashar mota ta zamani a 2019, jirgin ƙasan da ke ratsa Agege da Ikeja da Oshodi zuwa Oyingbo ya fara aiki a 2024, amma hayaƙi bai san an ci gaba ba. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a shekarar 2018 kaɗai. Ga mai lafiyar huhu, wannan damuwa ce ta gobe. Ga mai ciwon asma kuwa, ta daren yau ce.

Kuma masu asma ba kaɗan ba ne. Binciken da Farfesa Obianuju Ozoh ta Jami'ar Legas ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2019 bayan an tuntuɓi mutum sama da 20,000 a biranen ƙasar nan, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 13 ne ke fama da ita, kuma fiye da rabinsu likita bai taɓa faɗa musu sunan abin da ke damunsu ba. Wanda ya san sunan cutar ma bai huta ba. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK, wanda hedikwatarsa ta Najeriya ke Ilupeju a lokacin, nan maƙwabtan Oshodi, ya sanar zai naɗe tabarmarsa daga Najeriya, ga kuma naira ta faɗi, sai farashin abin shaƙa irin su Ventolin da Seretide ya yi tashin gwauron zabi. A irin wannan hali, duk labarin da ya ce akwai wata ƙwaya mai araha da ke sassauta ƙirji, ba ya buƙatar kuɗin mota kafin ya isa Zangon Agege ko Idi-Araba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan labarai shi ne cewa maganin rage kitsen jini, dangin da ake kira sitatin, yana taimakon mai asma. Wanda ya saba shiga manyan bas-bas na Legas zai iya cewa ai ya san wannan waƙa: mai talla ya miƙe tsaye a tsakiyar mota da kwalba ɗaya, ya lissafo cuta arba'in. To amma wannan magana ba daga bakin mai talla ta fito ba. Manyan masana ne suka tayar da ita, suka kuma shafe shekaru suna binta. Abin da ya raba su da mai tallan cikin bas ba kyawun zato ba ne, don shi ma yana iya yin dace wata rana. Abin da ya raba su wata sana'a ce da ba a cika yabonta ba: sanin yadda ake auna magani har a gane ko shi ya yi aikin ko kuwa wani abu ne ya yi, shi ya karɓe yabon.

Tarihin maganin kansa ya fara da irin wannan naci. Akira Endo, ɗan manoma ne daga arewacin Japan, yana aiki da kamfanin Sankyo a Tokiyo. Ya yi tunanin cewa wata fumfuna tana iya fitar da sinadarin da ke hana abokan gabarta ƙera kitsen da suke rayuwa da shi. Ya bi dubban nau'o'in fumfuna ɗaya bayan ɗaya, sai a 1973 ya samu abin da yake nema a jikin wadda ta tsiro a kan shinkafar wani shago a Kiyoto. Da aka gwada sinadarin a jikin gafiyoyin ɗakin bincike, kitsen jininsu ko gezau. Saura ƙiris a jefar da aikin. Sai da aka ba kaji masu ƙwai, sannan karnuka da birai, aka ga ya yi aiki. A riƙe wannan a zuciya, don dabba za ta sake ruɗin masana nan gaba, ta ɗaya ɓangaren. A 1987 Amurka ta amince da lobastatin, na farko da ya shiga kasuwa. A 1994 wani gwaji da aka yi a ƙasashen arewacin Turai kan masu ciwon zuciya 4,444 ya nuna simbastatin ya rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin ɗari. Daga nan babu sauran gardama a kan amfaninsa ga zuciya. Endo ya rasu a 2024 yana da shekara 90.

To ina zuciya, ina huhu? Maganin yana aiki ne a hanta, inda yake toshe matakin farko-farko na hanyar da jiki ke bi ya ƙera kolestarol. Sai dai hanyar ba kolestarol kaɗai take haifarwa ba. Tana da rassa, kuma wasu rassan suna samar da ƙananan sinadaran da ƙwayoyin garkuwar jiki ke buƙata kafin su taso su taru a inda ake rikici. Da aka toshe tushe, rassan ma sun ragu. Likitocin zuciya sun lura cewa masu shan sitatin alamar kumburi tana sauka a jininsu, ba kitse kaɗai ba. Ita kuwa asma, asalinta kumburi ne. Hanyoyin iska na cikin huhu suna kumbura daga ciki, suna tara majina, naman da ya kewaye su yana saurin tsukewa idan ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa shi. Kukan da ake ji a ƙirjin yaro da tsakar dare, iska ce ke neman hanya ta ƙuntataccen bututu. Saboda haka tambayar ta zo da kanta: tunda ga ƙwaya mai araha, wadda miliyoyin mutane suka sha aka san halinta, kuma tana kwantar da kumburi, me zai hana ta kwantar da na huhu?

A 2004 masana a Jami'ar Gilasgo ta Sikotilan suka sa wa ɓeraye wani abu mai kama da asma, ta hanyar saba musu da sinadarin farin ƙwai har jikinsu ya riƙa yi masa bore. Da suka ba su simbastatin, fararen ƙwayoyin jinin da ke cika huhun mai asma suka ragu ƙwarai. Wasu ɗakunan bincike a wasu ƙasashe suka maimaita, suka ga haka. Daga baya aka shiga rumbunan bayanan marasa lafiya. A Taiwan, inda inshorar lafiya ta ƙasa ke da tarihin kusan kowa, wani nazari na 2011 ya nuna masu asma da ke shan sitatin ba a cika kwantar da su asibiti ba kamar waɗanda ba sa sha. A Amurka wani nazari na 2013 ya nuna ba su cika garzayawa sashen gaggawa ba. Ɓera ya shaida, takarda ta shaida. Da ni da kai ne, mai karatu, da mun ce shari'a ta ƙare.

A nan ne gwanin awo yake nuna bambancinsa. Tambayarsa ta farko ba ta shafi magani ba, ta shafi mai shan maganin. Wane ne mutumin da ke shan ƙwayar kitsen jini kullum ba fashi? Mutum ne da ya je asibiti aka auna jininsa tun bai kwanta ba. Yana da kuɗin sayen magani wata bayan wata. Yana jin maganar likita. Irin wannan mutum shi ne kuma zai riƙa amfani da abin shaƙarsa a kan ƙa'ida, shi ne zai bar sigari, shi ne wataƙila gidansa ba a bakin titi yake ba. Ka ɗauki wani Alhaji mai shagon canji da ke zuwa ganin likita a Ikeja duk bayan wata uku, ka ajiye shi kusa da ɗan dako mai kwana a rumfar kasuwa. In Alhajin bai cika sarƙewar numfashi ba, ƙwayar ce ta yi, ko rayuwar da ta ba shi damar shan ƙwayar?

Wannan ba zargi ba ne na fatar baki, an auna shi. A 1980 aka fitar da wani sakamako daga babban gwajin magungunan zuciya da aka yi a Amurka, kuma abin sha'awa, maganin kitsen jini ne na wancan zamanin ake gwadawa, mai suna kulofibiret. An ga waɗanda suka riƙa shan maganin a kan lokaci sun fi masu wasa da shi tsawon rai. Kafin a yi murna sai wani ya ce a duba ɗaya rukunin, waɗanda aka ba ƙwayar wofi, wadda babu komai a cikinta. Cikin waɗanda suka kiyaye shan ƙwayar wofin, kashi 15 cikin ɗari ne suka mutu a shekara biyar. Cikin masu fashin shanta, kashi 28. Ƙwayar da babu magani a cikinta ta yi kamar ta raba mutuwa biyu! Ashe ba ƙwayar ba ce, halin mai kiyayewa ne. A 2009 wasu masana a Kanada suka ƙara fito da abin fili: suka nuna cewa masu kiyaye shan sitatin ba su cika haɗarin mota ba, ba su cika jin rauni a wurin aiki ba. Babu mai hankalin da zai ce maganin kitse yana gyara birki. Ni a ganina wannan yana cikin mafi wayon abin da aka taɓa yi a fagen nan: a maimakon dogon musu, sai ka nuna wa mutum cewa ma'auninsa yana ba da amsar da shi kansa ba zai yarda da ita ba.

Mafita ita ce ƙuri'a. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Austin Bradford Hill, shi ya kafa wannan tsari a gwajin maganin tarin fuka da aka wallafa a 1948. Ba likita ke zaɓar wanda za a ba sabon magani ba, ba kuma majiyyaci ba. Lambobi ne da aka jera bisa dace, aka rufe a ambulan. Dalili kuwa, ko likita mai gaskiya yana da zuciya, zai iya karkata sabon magani ga wanda yake ganin zai jure, ya bar raunana a ɗaya gefen, bai ma san ya yi ba. 'Yan goron Agege sun san wannan tun kakanni: ba a yanke wa kwando hukunci da goron da mai kaya ya jera a sama, sai an zura hannu inda shi bai zaɓa ba. Idan ƙuri'a ta raba mutane, Alhazai da 'yan dako, masu kiyayewa da masu fashi, duk za su watsu a ɓangarorin biyu daidai wa daida. Abin da ya rage ya bambanta su shi ne ƙwayar kaɗai.

Bayan ƙuri'a sai rufe ido. Ana yin ƙwayar wofi mai kama da ta gaskiya a launi da girma, har majiyyaci da likitan da ke duba shi ba wanda ya san wace ce wace sai an gama. A ciwon asma wannan ba ƙawa ba ce, dole ce. A 2011 masana a Bostan ta Amurka suka gwada masu asma da abubuwa huɗu bi da bi: abin shaƙa na gaske, abin shaƙa na wofi, allurar Sin ta ƙarya, da zama kawai ba a yi komai ba. Da aka tambaye su, sauƙin da suka ce sun ji da na gasken da na wofin kusan ɗaya ne. Da aka sa su hura na'ura, na gasken ya ƙara ƙarfin fitar iska da kusan kashi 20 cikin ɗari, sauran kuwa kusan kashi 7 kacal. Wato mutum yana iya rantsuwa ya ji sauƙi, kuma ba ƙarya yake yi ba, alhali hanyoyin iskarsa suna nan a tsuke. Shi ya sa gwani ba ya tsayawa ga "Baba, ya ƙarfin jiki?" da "Alhamdu lillahi, Likita, da sauƙi." Mu kuwa ko muna kan gargara ba ma cewa babu sauƙi. Sai ya miƙo ɗan bututun awo, irin wanda likita Martin Wright ya ƙirƙiro, ya ce a cika ƙirji a hura da ƙarfi sau uku kowace safiya, a rubuta lamba mafi girma. Wani lokaci har kaki ake karɓa a ƙirga ƙwayoyin kumburin da ke ciki.

Akwai kuma tarkon lokaci. Asma ba ta zama wuri ɗaya, tana tashi tana kwanciya. A Legas wani hazon hunturu ke tayar masa, wani kuwa danshin damina da fumfunar bangon ɗaki. Mutum yakan nemi sabon magani ne ranar da abin ya fi tsanani, kuma daga mafi tsanani ba inda za a nufa sai sauƙi, ko an sha magani ko ba a sha ba. Duk abin da ka haɗiya a ranar, shi zai ci ladan. Don kauce wa wannan, wasu masu gwajin suka riƙa sa mutum ɗaya ya zama ma'aunin kansa: ya sha ɗaya ƙwayar na wasu makonni, a huta har ta fita daga jikinsa, sannan ya sha ɗayar, ƙuri'a ce kuma ke faɗin wadda zai fara da ita.

Da aka bi duk waɗannan matakai, ga abin da ya fito. A Dandi ta Sikotilan, 2007, mutum 16 suka sha simbastatin wata guda: babu wani canjin kirki. A Gilasgo, 2008, manya 54 suka ƙara atobastatin a kan abin shaƙarsu na mako takwas: wasu alamomin kumburi sun ragu a kaki, amma lambar hurawar safe ba ta motsa ba. A Bankok ta Tailan, 2010, an ga ƙwayoyin kumburi sun fi raguwa idan an haɗa simbastatin da abin shaƙa. A Gilasgo kuma, 2011, aka gwada masu asma da ke shan sigari, su da maganin shaƙa bai cika kamawa ba: sun ce sun ɗan ji daɗin rayuwa na ɗan lokaci, amma huhu bai nuna ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Dunidin a ƙasar Niyu Zilan, shi ma 2010. Su ba su tambayi ko maganin yana sa a ji daɗi ba. Tambayar da ta shafi aljihu da lafiya suka yi: shin zai sa mai asma ya iya rage maganin kumburin da yake shaƙa? Sai suka riƙa rage wa kowa adadin abin shaƙar mataki-mataki, suna sa ido a kansa, har zuwa inda ciwon ya fara kuɓucewa, su rubuta wurin, su mayar da shi kan magani. Suka yi haka yana shan simbastatin, suka yi yana shan ƙwayar wofi. In da maganin yana da ƙarfi, da an sauka ƙasa sosai kafin ciwo ya motsa. Ba a sauka ba. Matakin da aka tsaya kusan ɗaya ne. Dabara ce mai sauƙin faɗi, mai wuyar aiwatarwa, don tana buƙatar likitan da zai kai majiyyaci bakin gaɓa ba tare da ya bar shi ya faɗa ba.

A 2014 aka rufe wata ƙofar maƙwabta. Ciwon toshewar huhu na dindindin, wanda ya fi kama tsofaffin mashaya sigari da matan da suka daɗe a hayaƙin itace, shi ma takardu sun nuna kamar sitatin yana taimakonsa. Aka raba mutum 885 da ƙuri'a a Amurka da Kanada. Tashin ciwon bai ragu ba, har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa. A 2020 ƙungiyar Cochrane, masu tace gwaje-gwajen duniya da tsauraran sharuɗɗa, suka duba batun sitatin da asma, suka ce hujjar da ke ƙasa ba ta isa a ba da shawarar amfani da shi ba.

Wani zai ce to an yi asarar shekaru. Ni ba haka na gani ba. A lura da abu guda: Farfesa Neil Thomson na Gilasgo yana cikin waɗanda suka ga abin murna a jikin ɓera a 2004, kuma shi ne ya jagoranci gwajin 2008 da ya nuna abin bai kai ga mutum ba. Da hannunsa ya auna zaton kansa, ya ga bai cika mudu ba, ya buga a jarida duniya ta karanta. Wannan hali ya fi gano sabon magani wuya, don babu mai ba ka lambar yabo a kansa.

Na san kalmar gwaji tana da ɗaci a kunnen Bahaushe, kuma da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon bai gama warkewa ba har yau. Sai dai darasin Kano ba shi ne a daina awo ba, don maganin da ba a auna ba shi ma gwaji ne, a jikin kowa, ba mai rubutawa. Neman yardar mutum da harshen da yake ji, da gaya masa yana iya fita duk ran da ya so, da kwamitin da ke da ikon tsayar da aiki, duk suna cikin sana'ar kamar yadda ƙuri'a take ciki. Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa a 2007, kuma hukumar NAFDAC, mai babban ɗakin bincike a nan Oshodi, sai da izininta ake gwajin magani a jikin mutane.

Kada kuma a ɗauka masu awo kullum a'a suke cewa. Mutanen Legas sun ga fuska biyun abin a shekara ɗaya. A watan Maris 2020, da aka ji shugaban Amurka na lokacin ya yabi kulorokwin a kan korona, aka yi wawasonsa a kemis-kemis, har jami'an lafiya na jihar suka sanar an kai mutane asibiti saboda sun sha fiye da kima. Wata uku bayan haka, babban gwajin da Jami'ar Okusfod ta shirya ya nuna dangin kulorokwin ɗin bai rage mutuwa ba, amma wani tsohon magani mai araha, dekisametason, ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ma'auni ɗaya ne ya kayar da wancan ya ɗaga wannan.

Batun sitatin ma ba a binne shi ba. Masana irin su Amir Zeki na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis sun tsaya a kan tambayar me ya sa ɓera ya samu, mutum bai samu ba. Amsa ɗaya ita ce adadi: abin da ake ba ɓera, in an kwatanta da nauyinsa, ya ninka na mutum sau da yawa. Ta biyu ita ce hanya. An ƙera maganin ne don hanta, kuma hanta tana kame mafi yawansa tun daga hanji. Simbastatin da ke isa cikin jini bai kai kashi 5 cikin ɗari na abin da aka haɗiya ba, balle wanda zai kai huhu. Don haka suke nazarin a mayar da shi abin shaƙa, ya sauka kai tsaye inda ake buƙatarsa. Wasu kuma suna ganin asma ba cuta ɗaya ba ce, tana da iri-iri, kuma mai yiwuwa masu ƙiba ko mashaya sigari su amfana ko da sauran ba su amfana ba. Duka zato ne mai ma'ana, kuma duka sai sun bi ta ƙuri'a da rufe ido da bututun hurawa, kamar na farko. Jinsin mutane ma yana shiga lissafi: a Amurka takardar rosubastatin ta ce a fara wa 'yan asalin Asiya da ƙaramin adadi, don yana taruwa a jininsu fiye da na Turawa. Gwaje-gwajen asma da na lissafa a sama kuwa, babu ɗaya da aka yi a Afirka.

A ɗakin duba marasa lafiya, ko a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja, duk wannan dogon aiki yana taƙaicewa ne a 'yan jimloli. Dattijo ya zo da asma da hawan jini da kitsen jini, ya ce ya ji ƙwayar kitsen jinin nan tana maganin ƙirji, ko zai iya ajiye abin shaƙa tunda ya yi tsada? Amsar likitan da ya san aikinsa ita ce: "Alhaji, ƙwayar nan ta zuciya ce, a ci gaba da sha don zuciya. Ƙirji kuwa maganinsa na shaƙa ne." Sannan ya bambanta masa iri biyun. Mai shuɗin murfi, salbutamol, yana buɗe hanya nan take amma ba ya taɓa kumburi. Mai sinadarin sitiroyid shi ke kashe wutar daga tushe, shi ne kuma mutane suka fi yasarwa don ba a jin aikinsa a take. Tun 2019 kwamitin duniya mai fitar da ƙa'idojin kula da asma ya daina ba da shawarar manya su dogara da shuɗin shi kaɗai. Sai ya ce Alhaji ya shaƙa a gabansa ya gani, don da yawa maganin a harshe da maƙogwaro yake ƙarewa.

Akwai gargaɗi guda da ya fi shafar wanda ya haɗa cututtukan biyu. Mai asma yakan yi tari, mai tari kuma yakan tsaya a kemis a haɗa masa maganin ƙwayoyin cuta ba tare da an tambaye shi me yake sha a gida ba. Kilaritiromaisin da eritiromaisin suna hana hanta narkar da simbastatin, sai ya taru a jini ya fara cin naman jiki, daga nan ya taɓa ƙoda. Duk mai shan maganin kitsen jini ya faɗa wa mai ba shi magani kafin a ƙulla masa wani, mace mai ciki ko mai neman ciki kuma ta sanar da likitanta. Wanda ya ji cinyoyi da kafaɗu suna ciwo ba gaira ba dalili, fitsarinsa kuma ya koma launin shayin da ba madara, ya dakatar da ƙwayar ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira gobe.